Sunan da Na Kira Sau Uku

Zuwa ga Baba Rabaran, makiyayin ikilisiyarmu da ke Gumbihini, tare da iyayena dattawan Kwamitin Taimako.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a. Ina fata Mama da yara suna lafiya, kuma ciwon gwiwar da ya matsa muku da damina ya yi sauƙi.

Ni ce Lamisi, tafintarku. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina tsayawa a hagun mai wa'azi kowace Lahadi, ku da waɗanda suka riga ku, kuna faɗa da Turanci ina juyawa da Hausa, domin mutanenmu na Bawku da Bolga da Mosawa da baƙinmu 'yan Najeriya su ji. Aikin tafinta shi ne ta ba da aron bakinta ta yi shiru da nata ra'ayin. Na riƙe wannan ƙa'ida iyakar ƙoƙarina. Yau kuma da bakina zan yi magana, kuma da Hausa, domin da Hausa na yi ɓarnar da zan ba da labarinta.

Na san za a ce me ya sa ban zo ofis ba. Na zo, Baba. Na tashi a taron kwamiti sau biyu, aka ce za a duba. Na ba sakatare takarda hannu da hannu, har yau ban ji ko an karɓa ba. Ga shi Lahadin Rabon kayan taimako saura mako biyu, kuma na ga sunan Mma Lariba, matar Baba Awuni, a jerin waɗanda za a kira. Shi ya sa na fito fili. Ban ambaci sunan cocinmu ba, domin na san ba mu kaɗai ke yin rabo haka a Tamale ba, kowa ya karanta ya duba nasa gidan.

Na ɗaya: wane ne Baba Awuni.

Ku kun zo mana shekara huɗu da suka wuce, saboda haka tsoho kawai kuka sani, mai jan ƙafa, mai zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Mu mun san shi kafinta. Ya zo daga Bawku tun yana saurayi, ya zauna a Moshi Zongo, ɗaki ɗaya a gidan haya, a nan ya yi aure, a nan ya tsufa. Lokacin da cocin nan take ginin laka da kwano, muna zama a kan bulo da kututture, shi ya ƙera mana bencina. Yana tashi daga aikin mutane da la'asar ya zo ya kama namu har rana ta faɗi. Ina yarinya a lokacin, mu muke kwashe masa ɓawon katako mu kai wa iyayenmu su hura wuta. Bai taɓa yarda a ambaci sunansa a sanarwa ba. Da aka kawo kujerun roba aka fitar da bencinan, uku suka rage a baya, ya ci gaba da zama a kan ɗaya daga ciki. In an yi masa tayin kujera sai ya buga bencin da tafin hannu ya ce wannan ya san nauyinsa.

Ɗansu ɗaya ne, ya rasu a hatsarin mota tun da jimawa. Daga baya ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, hannun zarto ya daina riƙo. Matarsa Mma Lariba, wadda rabin matan cocin nan a wurinta muke sayen daddawa, yanar ido ta rufe mata gani, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Haka suke zuwa coci, ita ta riƙe gefen rigarsa yana ja mata gora, shi kuma yana dogara da kafaɗarta. Kowace Lahadi wankakku, batakarinsa, rigar saƙin nan, fari fat. Wannan farin batakari shi ya ruɗe mu duka.

Na biyu: yadda muke rabo.

Kun san shi, amma zan rubuta domin masu karatu. Kowace shekara gab da Kirsimeti 'yan'uwa na nesa suna aiko mana da shinkafa da masara da mai da sabulu domin mabukata. Allah ya saka musu. A ranar rabo, bayan wa'azi, ana jera buhuna a gaban bagadi, a rataye babban ƙyalle mai ɗauke da sunan masu kyautar. Shugaban kwamiti ya kira suna da Turanci, ni in maimaita da Hausa a makirufo. Mai sunan ya taso, ya bi tsakiyar coci ana tafa masa, ya rungumi buhu a ƙarƙashin ƙyallen, a ɗauki hoto, a miƙa masa makirufo ya yi godiya. Hotunan a aika wa masu kyauta, a sa a shafin coci a waya, wasu kuma a manna a allon sanarwa har Ista.

Zan yi adalci. Na san dalilin hoton. An taɓa samun shekarar da kaya suka bi wata hanya, masu kyauta suka ce daga yau sai sun ga shaida. Suna da gaskiyarsu. Amma ɓarawo daban, wanda muke sa wa ya biya daban. Wanda ya karkatar da kaya ba a taɓa kiran sunansa a makirufo ba. Talaka ne ake kira, shi ake ɗauka hoto, shi ake mannawa a allo inda surukansa da yaran maƙwabta za su tsaya su nuna da yatsa. Shekaru ina kiran sunayen nan, ina ganin mata suna jan gyale suna rufe rabin fuska, na ɗauka kunyar kyamara ce kawai.

Na uku: laifina.

Wajen watan girbi na bara na shiga kasuwar Aboabo neman murfin tukunya wurin masu tsofaffin ƙarafa. A shimfiɗar wani na ga zarto, mariƙinsa a naɗe da robar tayar keke. Na san wannan zarto kamar yadda na san muciyar gidanmu, na Baba Awuni ne. Kusa da shi ga gudumarsa, ga abin goge katakonsa. Mai kayan ya ce wani tsoho ne ke kawo su ɗaya-ɗaya, duk bayan kwana biyu. Kafinta ba ya sayar da zartonsa sai tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in wuce Moshi Zongo in durƙusa in gaishe shi in tambaya. Ban yi ba. Na tafi wurin sakatare da saurina na sa aka rubuta sunansa a jerin rabo. Ban gaya masa ba. A zuciyata har ina murna, wai zan ba shi mamaki.

Ranar rabo coci ta cika har waje. Sunansa ne na tara ko na goma. Shugaban kwamiti ya karanta, ni kuma na maimaita, na ƙara abin da ba a rubuta ba. Na ce, Baba Awuni, kafintanmu, wanda ya ƙera mana bencina. A zatona girmamawa ce. Duk cocin ta juya baya. Bai motsa ba. Na ɗauka bai ji ba, na sake kira da ƙarfi. Shugaba ya yi mini alama da hannu, na kira na uku.

Sai ya dafa benci ya miƙe. Jama'a suka ɗauki tafi, mai ganga ya buga, mai hoto ya juya kyamara. Baba ya tsaya ya dube ni daga can ƙarshen coci, ni da makirufo a hannu. Sannan ya juya wajen ƙofa. Kun tuna yadda yake tafiya, taki ɗaya sai ya ja ɗayar ƙafar. Daga bencin zuwa ƙofa bai fi taki shida ba, amma kafin ya kai, tafin ya mutu kaɗan-kaɗan har ana jin ƙarar takalminsa a siminti. Mma Lariba tana riƙe da gefen rigarsa, tana juya kai hagu da dama, ba ta san me ya faru ba. Shugaba ya yi ɗan tari ya kira suna na gaba. Ni kuma na maimaita, Baba Rabaran. Na ci gaba da aikina har jerin ya ƙare.

Na huɗu: buhun.

Da aka tashi na roƙi shugaban kwamiti ya bar ni in kai masa buhun gida. Ya ce buhu ba ya fita sai da hoto. Na ce to mai hoto ya bi ni. Ya ce dole ƙyallen ya fito a hoton, kuma dole a gaban jama'a, haka aka yi alkawari da masu kyauta. Wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba, ya ce mai jin yunwa na gaskiya ba ya girman kai. Aka ba wani buhun a take, ya rungume, aka ɗauka.

Na je wurin Baba Awuni da yammacin ranar. Ya amsa sallamata, ya sa Mma Lariba ta ba ni ruwa, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Da na fara ba da haƙuri sai ya ce, “Lamisi, tun kina kwasar ɓawon katako kin san ƙofar ɗakin nan. Da kin zo kin tambaye ni.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga nan ya koma zancen tsadar siminti.

Bayan sabuwar shekara na koma da masara a leda, da rana tsaka, mutanen gida suna zaune a tsakar gida suna kallo. Ya yi godiya, ya ce in kai wa waɗanda suka fi shi bukata. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji haushi. Na ce a raina na yi iya nawa. Kunya da haushi suka haɗu suka ɗaure mini ƙafa, ban sake taka gidan ba wata biyar. Bai sake zuwa coci ba. Bencinsa yana nan babu kowa, kowace Lahadi ina kallonsa daga inda nake tsaye. A iya sanina, babu dattijo ko ɗaya da ya je duba shi. In akwai wanda ya je, ya fito ya ƙaryata ni, zan yi murna.

Na biyar: kwanon Hajiya Azara.

Hajiya Azara ita ce mai gidan da suke haya, Musulma ce, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Sai bayan rasuwar Baba na san cewa ita ta riƙe su fiye da shekara biyu. Ku ji yadda take yi. In ta sauke tukunya sai ta zuba tuwon zafi a kwano ta rufe, ta ɗauka da kanta ta tsaya a bakin ƙofarsu ta ce, Mma Lariba, ɗanɗana mini miyar nan, ina jin gishirin bai ji ba. Ta ajiye ta tafi. Washegari kwano ya dawo a wanke, da ɗan ƙullin daddawa a ciki. Hajiya ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai miyarta ba ta daɗi sai da daddawar Mma. Kullum gishiri bai ji ba, shekara biyu. Dukansu sun san gishirin lafiyarsa ƙalau. Baba yana cin wannan tuwon ba tare da sunkuyar da kai ba, domin maƙwabta ne ke musayar abinci, kamar yadda ake yi a kowane gida a zango.

Ni a zangon nan aka haife ni. Uwata ta yi wa maƙwabta haka, an yi mana haka shekarar da mahaifina ya kwanta. Na san wannan hanya tun ban san karatu ba. Ban san yadda aka yi na manta da ita na riƙe ta makirufo ba.

Da ruwa ya sauka, 'yar Hajiya ta haihu a Kumasi, haihuwar ta zo da wuya, Hajiya ta tafi jinya ta yi wata uku. Ta bar musu ɗan hatsi, tana zaton mako uku za ta yi. Sauran 'yan hayar samari ne masu fita da safe su ci a waje. Kun san waɗannan watanni a ƙasar nan, an yi shuka, sabuwar masara ba ta fito ba, ta bara ta yi tsada a kasuwa. Kayan aikin Baba sun riga sun ƙare.

Abin da zan rubuta yanzu daga bakin Mma Lariba na ji shi, kuma ta ba ni izini. Ta ce da hatsin ya yi ƙasa, shi ya karɓi aikin awo, tunda shi ke gani. Ta tuƙa, su zauna su sa hannu a kwano ɗaya kamar kullum. Tana jin hannunsa yana shiga kwanon, tana jin yana lasar yatsa, har ya yi gyatsa ya ce ya ƙoshi, ta cinye sauran. Ashe hannun yake sawa ya fitar babu komai, yana turo tuwon gefenta. Ba ta gane ba sai ranar da ya kasa tashi daga tabarma, ta kama damtsensa za ta ɗaga shi, yatsunta suka zagaye hannun suka haɗu. Ta ce a nan ta zauna ta yi ta shafa haƙarƙarinsa tana kuka, shi kuma yana ce mata zazzaɓi ne.

Samarin gidan suka sa shi a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, suka kai asibiti. Sai a lokacin aka kira ni. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta tambaya ko tsohon nan yana da mai ba shi abinci a gida. Kwana huɗu ya yi, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da kofin kunun da ya kasa haɗiyewa.

Na shida: jana'izar.

A nan ne ikilisiya ta tashi tsaye, kuma ba wanda zai ce ba mu yi ƙoƙari ba. Aka ce ɗaya daga cikin iyayen coci ne, dole a yi masa jana'izar da ta dace. Gawa ta yi mako biyar a firij na asibiti ana jiran a buga zanen jana'iza mai hotonsa. Aka sayi akwati mai sheƙi da mariƙai na ƙarfe. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙera wa talakawan cocin nan akwatin gawa da katako mai sauƙi, an kawo nasa daga kudu. Aka kafa rumfuna suka tare layin gidan, aka kawo masu busa da ganguna, zumuntar mata muka kwana biyu muna girki. Shinkafa tukunya-tukunya, kaji, lemo a cikin ƙanƙara, kowa ya tafi da robar abinci a hannu, wasu biyu. Kun yi wa'azi mai kyau a kan bawa mai aminci, ni na juya shi da Hausa, ban tsallake kalma ba.

Hajiya Azara ta dawo kwana kaɗan kafin nan. Mutanen zango ba su saba ganin gawa ta jira mako biyar ba, amma ba su ce komai ba, sun ba mu wuri, sun taya mu share layi. Ina rabon abinci ta zo ta tsaya kusa da ni, tana kallon tukwanen. Ba da faɗa ta yi maganar ba, a hankali ta tambaya, kamar mai son a fahimtar da ita. Ta ce, “Lamisi, duk shinkafar nan, da ma kuna da ita?”

Baba Rabaran, na yi shekara ashirin ina samo wa manyan kalmomin Turanci Hausarsu a tsaye, ba tare da na yi inda-inda ba. Wannan tambaya har yau ban samo mata amsa ba. Na kawo muku ita, ko ku kuna da ita.

Saura zancen zanen. Da aka nemi hoton da za a buga, ba a samu ba, domin Baba ba mai son hoto ba ne. Sai mai hoton coci ya ce yana da guda mai kyau. Aka buga shi a takardar sanarwa da zane da riguna. Da aka miƙo mini nawa na buɗe, na ga farin batakari, na ga hannu a kan benci, na ga idanun. Hoton ranar rabo ne, daidai lokacin da ya miƙe yana dubana, kafin ya juya wajen ƙofa. An yanke jama'ar da ke gefe, an zagaye shi da furanni. Hoton da ya gwammace yunwa da a ɗauke shi, shi muka ɗaura a ƙugu muka yi rawa a bayan akwatinsa. Nawa zanen yana ƙasan akwatin kayana, ban kai wa tela ba kuma ba zan kai ba.

Na bakwai: Mma Lariba.

Tana nan a ɗakin. Hajiya ta ce ta zauna har iyakar ranta, kuma kwano ya ci gaba da zuwa. Amma Hajiya ma ta manyanta, kasuwar koko ba kamar da ba, ga jikoki an kawo mata. Ni ma yanzu ina zuwa Talata da Juma'a, na koyi cewa wake ya yi mini yawa a tukunya, ta taimake ni kada ya lalace. Wannan ba ya isa. Tana bukatar buhun nan, babu wanda ya fi ta bukatarsa a jerin.

Sakatare ya gaya mini shirin da aka yi, kuma na ga da kyakkyawar niyya aka yi shi. Za a aika yalo-yalo ya ɗauko ta, wata daga zumuntar mata ta riƙe hannunta har gaban bagadi, a ambaci cewa gwauruwar marigayi kafintanmu ce, domin masu kyauta su ga ba mu manta da iyalinsa ba.

Wannan karon na je na tambaya. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, ƙyallen, hoton, makirufo. Ta murza bakin zaninta. Sannan ta ce za ta je. Ta ce nauyinta ya yi wa Hajiya yawa, kuma ita ai ba ta gani, masu kallo su kalla. Na tashi zan tafi, har na sa takalmi, sai ta kira ni. Ta ce, “Lamisi, za a yi tafin nan kuma?”

Ashe tafin ne ya tsaya mata. Ta ce ranar da suka fita, mijinta bai yi magana ba har gida, abin da kawai ta ji shi ne tafi ya tashi, ya yi ta raguwa har ya mutu a bayansu. Ta ce har yanzu in yara suna wasa a layi suka tafa hannu sai gabanta ya faɗi.

Mijinta yana da ido, ya ga ƙofa ya fita. Ita in aka kai ta tsakiyar coci, ko ta so fita ba ta san inda ƙofar take ba. Za ta tsaya inda aka tsayar da ita, ta rungumi abin da aka miƙa mata, ta fuskanci inda aka juya ta. Yardar da yunwa ta ciro daga bakin makauniya, ni ban iya kiranta yarda ba.

Ku kuka koya mana, kuma da bakina jama'a suka ji, cewa abin da muka yi wa mayunwaci Ubangijinmu muka yi wa, kuma ya fi son kyautar da ba a yi mata shela ba. Na gaskata wannan tun ina yarinya. In haka ne, to ku duba wanda muka kira sau uku a makirufo, muka hana shi buhu domin ya ƙi hoto. Taimakon talaka wajibi ne a kanmu, ba alfarma muke yi masa ba, balle mu sa shi ya biya da fuskarsa.

Ga roƙona, cikin ladabi.

A cire sunan Mma Lariba daga jerin da za a karanta, a bar buhunta. Ni da mace ɗaya za mu kai mata ranar da ba kowa a tsakar gida, a rufe, mu zuba a tukunyarta mu dawo da buhun.

A yi haka ga duk wanda ke jerin. A je gida a tambaye shi tukuna. Wanda yake so ya fito gaba, ya fito, akwai masu so kuma ba laifi ba ne. Wanda ba ya so, kada buhunsa ya koma hannun wani.

A rubuta wa masu kyauta a gaya musu labarin Baba Awuni yadda yake. Ban yarda mutanen da suka tuna da mu daga nesa za su ji wannan su nace a kan hoto ba. In shaida suke so, dattawa biyu su raka kaya su sa hannu, ko a ɗauki hotonmu mu masu kaiwa, mu da muka ƙoshi. In wata fuska za a manna a allo, a manna tawa.

A cire hotunan da ke allon sanarwa da shafin coci, har da na Baba.

A sa mutanen da za su riƙa zagaya tsofaffinmu tsakanin shuka da girbi, domin yunwa a garin nan ba a Kirsimeti take kisa ba. Duk wanda bencinsa ya yi Lahadi uku babu kowa, a je a ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Kuma ku da kanku, Baba, ku taka zuwa Moshi Zongo ku gaishe da Hajiya Azara. Ba ta jiran godiya, za ta ma ji kunya. Amma ta yi mana aikinmu shekara biyu, ya kamata ta ga fuskar makiyayinmu ba a ranar jana'iza kaɗai ba.

Ban rubuta wannan don in tozarta kowa ba. In za a jera masu laifi, sunana ne na farko, kuma na riga na kira shi da kaina. Ba zan bar coci ba, a nan aka yi mini baftisma, a kan bencin Baba na koyi waƙoƙin sujada. Zan ci gaba da juya muku wa'azi muddin kuna so. Amma jerin sunayen rabo, na karanta na ƙarshe bara.

In kwamiti ya ga dole a yi yadda aka saba, to ranar ku nemi wani tafinta. Ni za ku same ni a bencin ƙarshe, kusa da Mma Lariba, hannunta a cikin nawa. Na yi mata alkawari, in aka kira sunanta ta matsa hannuna, zan tashi in kai ta ƙofa. In kuma ta zaɓi zuwa gaba saboda Hajiya, ni zan kai ta, in tsaya tsakaninta da kyamara. Ku kuma 'yan'uwa da za ku kasance a coci ranar, ko kwamiti ya amsa mini ko bai amsa ba, abu ɗaya nake roƙonku wanda ba ya bukatar izinin kowa. In kun ji sunanta, ku bar hannuwanku a kan cinya.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, Baba Rabaran, ya ba dattawanmu zuciyar saurare. Ya saka wa masu kyauta, ya saka wa Hajiya Azara, ya riƙe Mma Lariba. Ya ba Baba Awuni hutu a wurinsa, ni kuma ya gafarta mini.

Wassalam.

'Yarku cikin Ubangiji,
Lamisi, tafinta,
Bulpiela, Tamale.